Zanen Allin da Ya Bari a Jikin Tanki

Da sunan Allah Mai rahama. Malam liman, ranka ya daɗe Manaja, shugabannin sassa, Inna mahaifiyar marigayi, Hajiya mai ɗakinsa, 'ya'yansa, da abokan aiki, assalamu alaikum.

Ni ce mai awo a ɗakin gwaji. An ce in yi magana da bakinmu duka, ba don na fi kowa iya magana ba. Abin da na gani da idona kaɗai zan faɗa, don ina tsoron ranar da za a tambaye ni.

Har yau ban yi kuka ba. Yawancinmu haka muke. Muna zuwa aiki, mu rataye jaka, mu zauna, a tashi.

Ga waɗanda ba su san aikin Injiniya ba: hayaƙin masana'antar nan yana ɗauke da iskar kabon, wadda ke ƙara wa duniya zafi. Shi ya kafa dogayen tankuna biyu a bayan bututun hayaƙi, ya cika su da ƙananan ƙwayoyi farare masu ramukan da ido ba ya gani. Hayaƙi ya ratsa, ƙwayoyin su riƙe kabon, sauran iskar ta wuce. In tanki ɗaya ya ƙoshi sai a juya wa ɗayan, a gasa wannan har ya saki abin da ya riƙe, a tara.

Ya kasance mutum mai haƙuri da abin da ba a gani. Ya kasance in ya yi kuskure a lissafi, shi ke fara faɗa. Ya kasance yana mantuwa da ƙwayoyin a aljihu. Hajiya, ki yafe mini, a gabana kika ce masa, "Injiniya, yau ma tsakuwarka na tsinta a wanki." Ya ce, "Ba tsakuwa ba ce, kowace ɗaya ta fi gidanmu yawan ɗakuna." Kika ce, "To ka kwashe kayanka ka koma can mana." Ya yi dariya har ya cire tabarau.

Yana da wata ɗabi'a. Ƙwayoyin nan in suna shan kabon ɗumi suke yi, ɗumin kuma yana hawa daga ƙasan tanki zuwa sama. Akwai na'urar da ke nunawa, shi ma yana duba ta, amma sai ya hau tsani ya dafa ƙarfen da tafin hannu, ya ja layi da alli inda ɗumin ya kai. In ya dawo ya goge, ya ja sabo. Ya koya mana duka. Ya ce mini, "Malama, alwalarki ba za ta karye ba, dafa ki ji."

Ranar da ya faɗi, layin yana tsakiyar tanki na biyu. Aka kashe injin aka kai shi asibiti. Tun ranar ba wanda ya kunna, domin wanda ya kunna, shi zai goge layin. Mai walda ya hau tsanin, ya tsaya, ya sauko. Ni ma na hau. Na dafa, ƙarfen sanyi ƙalau.

Ga abin da ya sa nake faɗa a nan. Ƙwayoyin ba sa jure danshi. In suka daɗe a ajiye ruwa suke sha, ramukan su toshe. Na auna wasu a makon nan, sun fara nauyi. Manaja ya gaya mana gaskiya, in suka lalace za a kwance tankunan. Ba mu ga laifinsa ba. Mu ne muka tsaya muna gadin alli, hayaƙi yana fita yadda yake fita kafin Injiniya ya zo.

Inna, Hajiya, ɗazu kafin a zauna na roƙe ku izini. Inna ta ce, "Ku goge, 'yar nan. Shi da kansa ai gogewa yake yi." Hajiya kuwa ta buɗe jaka ta ba ni guntun allin da ta samu a aljihun rigarsa. Ga shi.

Ranka ya daɗe, gobe da safe za mu kunna.

Mun gode muku da kuka zo. Allah Ya jiƙansa, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya karɓi aikinsa, wanda muka gani da wanda ba mu gani ba. Ya ba iyalinsa haƙuri, mu kuma Ya ba mu hannun gogewa. Amin.