Tagwayena da Ƙarin Kuɗin Inshora

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, da duk masu sauraro. Sunana Sani, ina zaune a Manassas, ina aiki a wani ƙaramin kamfanin injiniyoyi.

Bara matata ta haifi tagwaye bakwaini, suka daɗe a asibiti cikin kwalba. Inshorar lafiya ta wurin aiki ce ta ɗauki kusan komai. Alhamdu lillahi, yanzu har rarrafe suke yi.

To kwanan baya shugabar kamfaninmu ta tara mu, ta ce kuɗin inshorar da ake cira daga albashi zai sake ƙaruwa. Aka hau gunaguni. Ta ce asibiti da magani kullum tsada suke ƙarawa, kuma a ƙaramin kamfani irin namu, in jinyar gida ɗaya ta ci kuɗi, kowa ake ƙara wa. Ba ta kama sunana ba, amma kunya ta rufe ni.

Da muka fito na tari Alhaji Musa, dattijo ɗan Maraɗi da muke aiki tare, na ce, "Baba, ku yi haƙuri, ni na jawo muku."

Ya yi dariya ya ce, "Haba Sani! Tun kana gwauro ake ƙara kuɗin nan. Bana dai na san inda nawa ya tafi. Yaushe za ka kawo mini jikokina?"

Ranar Asabar muka kai su, suka wuni suna jan gemunsa.

Masu sauraro ku ba ni shawara: in fito in gode wa sauran abokan aikina, ko in bar zancen? Ina gaida Baba Alhaji da iyalinsa, Allah ya ƙara girma.