Dabaibayi Ba Turke Ba Ne

Jawabin Malam Salihu, tsohon daraktan lakwal, wato shugaban makarantar boko, a ƙofar gidan marigayi Alhusaini Abarci da ke Dakoro, ranar sadakar arba'in.

Da sunan Allah nake buɗe baki, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Wakilin furefe shugaban gundumarmu, wakilin magajin gari, liman da na'ibinsa, mai unguwa, tsofaffin ma'aikatan dabbobi, ƴan'uwanmu makiyaya da suka baro garke a Azagor da Tagriss, maiɗakin marigayi Hajiya Aisata da ke jin mu daga cikin gida, ɗiyarshi Hamdiya da ƙannenta, jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum.

Da aka ce ni zan yi magana, na ce an yi kuskuren mutum. Alhusaini taubashina ne, uwata da ubanshi ciki ɗaya. Tun muna yara ban taɓa yabonshi a gabanshi ba, shi ma bai taɓa kirana da wani suna ba sai Sarkin Surutu. To ga shi ya tafi ya bar ni da yabon dole. Wannan karon ya ci ni, kuma wallahi ina kewarshi.

Amma ba yabo kaɗai ya tsayar da ni ba. Ƴaƴanshi sun ba ni izinin in faɗi wata magana a bainar jama'a, maganar ƙafar uwarsu. Tun ranar da aka fita da shi, Hajiya ba ta tashi daga tabarma sai da lalura. Majo, babban ma'aikacin gidan likita, ya zo ya duba, ya ce in ƙafar nan ta ƙare takaba a naɗe, ba lalle ta sake miƙewa ba. Zan iso nan. Bari in fara da mutumin.

Ya kasance likitan dabbobinmu. Babu rijiyar da bai sani ba daga Korahane har arewa, babu zangon da bai sha nono ba. Ya kasance in ya kama aiki, duniya ta jira. Wata rana na roƙe shi ya rage mini hanya a moto, muka tsaya wata rijiya yana yi wa shanu allura. Salula tana ta kuka a aljihunshi. Na ce, "Kai, ƙila shugabanka ne fa." Ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Shugaba zai sake kira. Saniyar ga in ta kuɓuce, sai baɗi."

Kada yara su ɗauka haka aka haife shi. Mu da muka san shi da ƙuruciya mun san mutum ne mai hannu goma. Shayi mai ɗaci ba ƙaƙƙautawa, rediyo a kunne, abinci a tsaye, barci kuwa sai abin da ya samu. Yana iya neman makullin moto alhali yana riƙe da shi. Sai ranar da tansiyo, hawan jini ke nan, ta kayar da shi a biro wurin aikinshi, aka kwashe shi zuwa likita. Da ya tashi, bai yi wa kowa wa'azi ba. Rage sukari ya fara yi. Da wannan ya zauna, ya koma kwanciya da an yi lisha. Daga baya salula ta daina shiga ɗakin kwana, kuma ba ya taɓa ta sai hantsi ya yi. In ana cin tuwo a kashe rediyo. In kana mishi magana, ya aje abin da ke hannunshi ya dube ka har ka gama. Bayan asuba ya taka zuwa kasuwar dabbobi ya dawo.

Mun yi mishi dariya, Allah ya yafe mana. Masu shago suna tambaya, "Likita, akuya ta ɓace?" Ni kuwa na ce mishi, "Ka ɗaure kanka a turke kamar ragon layya." Ya ce, "Kai malamin lakwal, ba ka san dabba ba. Turke daban, dabaibayi daban. Wadda ke turke wuri ɗaya take zagayawa har ta rame. Mai dabaibayi tana kiwo, tana tafiyarta, ɓata ne kawai ba ta yi. Hankalina na yi wa dabaibayi." Makiyayan da ke nan sun san gaskiya ya faɗa.

Ya kasance mai ja da hali, ba da baki ba. Masu dariyar nan, ɗaya bayan ɗaya suka bi sawunshi. Yau in ka fito bayan asuba za ka ga ayari: tela, mahauci, malaman lakwal, har da ni da wannan tumbin nawa. Akwai magidanta a taron nan da suka daina cin tuwo da salula a hannu saboda shi, matansu za su ba da shaida.

Ya kasance miji. Shekarun baya da ɓarin jikin Hajiya ya shanye, wasunmu sun ce sai haƙuri. Shi bai ce ba. Kullum da safe yana tsaye gefenta, daga ƙofar ɗaki zuwa randa, da aka samu wannan, daga randa zuwa gindin itacen bedi. Ba ya jan ta, ba ya gaggawa. Hamdiya ta ba ni labari, wata safiya uwar ta ce, "Malam, yau dai ka bar ni." Ya ce, "To, na bar ki. Amma raka ni bakin randa, ƙishirwa nake ji." Ta raka shi tana faɗa. Da irin wannan wayo ya kai ta har gidan suna a unguwar maƙwabta, da ƙafarta, muna kallo.

Yanzu, Hajiya, matarmu, da ke nake. Na ji tsofaffin unguwa sun ce miki mai takaba ba ta yawo, kika ɗauka har tsakar gida. Mun tambayi liman, ga shi nan zaune, in na yi mishi ƙarya ya tsayar da ni. Ya ce gidan mijinki aka ce ki zauna, ba a ce tabarma ba. Takaba dabaibayi ce, Hajiya, ba turke ba. Na kuma ji abin da kika ce wa ɗiyarki, "Wa zan taka wa?" Wannan ba ni da amsarta a littafi, ni ma da safe ina waiwaye in ga ko yana bayana. Amma ƙafar nan aikinshi ce. Shekaru ya yi yana gina ta. Mutumin da bai taɓa barin aiki rabi ba, kada mu bari nashi na ƙarshe ya rushe a hannunmu. Hamdiya, ke da ƙannenki, ku raba safiya tsakaninku. Matan unguwa, masu zuwa gaisuwa, kada ku zauna ku taya ta kuka kawai, ku miƙa mata hannu.

Ku dakata mini, ga Hamdiya ta leƙo daga zaure. Matso, ɗiyata, me aka ce?

Jama'a, saƙo ne daga ciki, kuma an ce in faɗa yadda yake. Hajiya ta ce a gaya wa Salihu ya daina tallar ƙafarta a lasifika gaban dukan Dakoro. Ta ce in dai don in yi shiru ne, ta tashi. Tana tsaye yanzu a ƙofar ɗaki, ta dafa kafaɗar autarta.

To, na yi shiru.

Mun gode wa hukuma, mun gode wa malamai, mun gode wa duk wanda ya baro gona ko garke ya zo. Allah ya mayar da kowa gida lafiya. Ya Allah, ka jiƙan bawanka Alhusaini, ka yafe mishi, ka yalwata makwancinshi, ka sa aljanna ce makomarshi da iyayenmu. Ka shirya zuriyarshi, ka kyautata namu zuwan. Ka ƙarfafa wadda ta tashi yau, ka ba ta ikon tashi gobe. Liman, a yi mana fatiha.