Neman Yayata a Bakin Teku

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu da alayensa da sahabbansa.

Shugaban wannan taro, Alhaji Tuo Wenxiang. Limaminmu, Ahong Mian. Malamarmu ta ɓangaren mata, Malama Hei Shuzhen. 'Yan kwamitin masallaci da masu kula da maƙabarta. Dattawan da suka riga mu ganin rana. 'Yan'uwana mata da ke can baya kusa da tukwanen shayi. Jama'ar unguwa baki ɗaya, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Ina godiya ga shugaba da ya ba ni fili a taron shekara, alhali sunana ba ya cikin masu magana. Ku kuma gafarce ni idan kun ga na kasa tsayawa wuri ɗaya, domin tun da na dawo ƙafafuna suka ƙi zama, barci ya ƙi ni, ko kofin shayi ba na iya shanyewa a zaune.

Galibinku kun san ni. Ni ce Ding Guifang, wadda ta yi shekara talatin tana murza taliya a shagon shayin safe na bakin tasha. Kun kuma san cewa a watan jiya na ɓace kwana goma sha ɗaya. Na ji abin da aka faɗa. Wasu sun ce na yi faɗa da surukata, wasu sun ce tsufa ne ya taɓa min kai, wata kuma ta ce na je yawon buɗe ido da kuɗin magani. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yau zan gaya muku inda na je, da abin da na gani, da abin da na zo roƙo.

Abu na farko shi ne dalilin tafiyar. Matasa ba su sani ba, amma dattawa sun sani: ina da yaya mace, Cuiying, wadda a gida ake kira Sufiye. Shekara talatin da tara ke nan da ta auri wani mutumin Qingdao, birnin bakin teku, da ya zo aikin masana'anta a nan Wuzhong, mutumin da ba Musulmi ba. Babanmu ya ce ba shi ba ita, babban yayanmu Wanfu ya fitar da akwatinta waje, ta bi mijinta, aka daina ambaton sunanta a gidanmu. Abin da ko mijina marigayi bai sani ba shi ne, duk kaka nakan aika mata da ƙunshin busassun 'ya'yan itacen goji na yankinmu, ita kuma ta aiko min da busasshen ganyen teku da 'yar takarda mai layi biyu. Shekara biyu ke nan takarda ba ta zo ba. Bana ƙunshin nawa ya dawo min, an rubuta a kai cewa babu mai wannan suna a nan. Na ajiye shi a kan tebur na yi kwana uku ina kewaya shi. A rana ta huɗu na je tasha.

Abu na biyu shi ne hanya. Tikitin zama na saya, mafi arha, wuni da kwana a kujera ɗaya. Guzurina gurasa goma sha biyu da dafaffen ƙwai da butar shayi. Ban gaya wa ɗana Jianjun ba sai da jirgi ya yi nisa. Ya kira ni ya ce, "Mama, kina ina? Miya na kan wuta." Na ce, "Sauke ta, ina jirgi." Ya ce, "Wane jirgi?" Na ce, "Na ƙasa mana, ka taɓa ganina a sama?" Ya ce, "Ke da ba ki iya biyan kuɗi da waya ba, ina za ki?" Na ce, "Kafin a yi waya da me mutane suke zuwa wurin 'yan'uwansu?" Na kashe. A zaune na yi salloli, ina duban taga don in gane yamma in fuskanci alƙibla, maƙwabcina kuwa yana ta miƙo min tsiren alade da zuciya ɗaya, ina ta ba shi haƙuri da zuciya ɗaya.

Da na sauka na nemi masauki mafi sauƙi, ɗaki ɗaya mai gadaje takwas, wani bisa wani, a wata tsohuwar unguwa da ke kan tudu. Mai gidan ta dube ni, ta dubi ɗankwalina, ta ce, "Goggo, gadon sama kaɗai ya rage. A shekarunki?" Na ce, "Ina hawa rufin gida shanyar barkono tun ba a haife ki ba." Na hau. Amma gaskiya ɗaya ce, gwiwoyina sun biya kuɗin wannan alfahari. Babu butar alwala, sai da na huda murfin gorar ruwa. Titunan garin sun murɗe kamar hanjin rago, har na rasa alƙibla, sai da na jira faɗuwar rana. Ko'ina warin giya da suyar halittun teku masu ɓawo. Wuni huɗu ban sa komai a bakina ba sai gurasa da ƙwai.

Na je inda adireshin ya nuna. Jama'a, babu gidan, babu layin, babu unguwar. An rushe komai an kafa dogayen benaye masu gilashi. Na tambayi masu shara, na tambayi tsofaffi masu wasan dara a gindin bishiya, na shiga ofishin unguwa biyu. An karɓe ni da mutunci, sai dai rabin maganata ba sa ji, rabin tasu ba na ji. Wuni huɗu ina hawa tudu ina gangarowa. In na zauna a benci sai in ga wata tsohuwa daga nesa, in ce ita ce, in tashi in bi ta. Tun da na dawo ake tambayata, "Yaya teku yake?" Ruwa ne mai yawa da ba ya zama wuri ɗaya. Na dube shi sau ɗaya na ga halinmu ɗaya, na juya na ci gaba da tafiya.

An ce matambayi ba ya ɓata, amma sai ya san wanda zai tambaya. A wuni na biyar na hango koren allon halal na shagon taliya irin na Musulmin lardin Qinghai. Na shiga, na cinye kwano ɗaya ko kai ban ɗaga ba. Matar mai shagon, wata tsarata mai suna Hajiya Ye, ta jawo kujera ta ce, "Yaya, wannan cin ba na mai yawon buɗe ido ba ne. Wa kika rasa?" Na gaya mata. Ta ce, "Yayar taki ta bar cin halal?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "To ki bar wahalar da ƙafa. In ba ta bari ba, shekara talatin da tara a wani wuri take sayen nama, kuma mahautanmu a garin nan ba su da yawa. Fara da na kusa da masallaci."

Mahaucin bai bari na gama ba. Ya ce, "Mai harshen Ningxia irin naki? Wadda ke zuwa duk Juma'a ta sayi ɗan naman rago, ta ce ragunanmu ba su kai na garinsu ba? Tun ubana na kan wannan teburi take zuwa. Yanzu 'yarta ce ke zuwa, ga lambarta a bango." A nan, gaban rataye-ratayen nama, na zauna a ƙasa na gode wa Allah.

Abu na uku shi ne abin da na tarar, kuma ina roƙon ku saurara da kyau. 'Yar tata sunanta Luan Jing, tana aiki a tashar jiragen ruwa. Da ta gan ni ta ce, "Ke ce mai aiko da goji." Ta gaya min babanta ya rasu shekara uku da suka wuce, aka ƙone gawarsa aka watsa tokar a teku bisa wasiyyarsa. Bayan haka uwarta ta fara mantuwa, har ta kai ana tsinto ta a tasha tana tambayar motar Wuzhong, dole aka kai ta gidan kula da tsofaffi. Ta ce min, "Goggo, tun ina ƙarama Mama tana da tukunyarta daban, a rataye a ƙusa, da koren zare a mariƙinta. Ranar da Baba ya soya wani abu a ciki bisa kuskure, wata guda ba ta yi masa magana ba."

Muka je. Gidan yana da tsabta, ma'aikatan suna da kirki, ba ni da abin zargi a kansu. Amma yayata ta zama kamar karan gero. Ba ta yarda da kwanon kowa, ko an rantse mata naman rago ne, sai kunun shinkafa kawai. Harshen bakin teku da ta yi shekaru tana yi ya zube daga bakinta, saura na unguwar nan, wanda babu mai ji a can. Ma'aikaciya ta ce, "Cuiying, kin yi baƙuwa." Ko motsi ba ta yi ba. Na durƙusa na ce, "Yaya Sufiye." Ta juyo. Ta dube ni ta ce, "Guifang, me ya tsayar da ke haka? Kin yi furfura." Na ciro gurasar da ta rage min, ta kwana takwas, ta bushe kamar dutse. Ta karɓa ta shinshina, ta tsoma a shayi, ta ce bismillah, ta cinye. Da la'asar ta yi na fara karanta Fatiha, ta karɓe daga bakina ta kai ƙarshe babu tuntuɓe, matar da ba ta san sunan jikanta ba. Da zan tafi ta riƙe hannun rigata, ta rage murya ta ce, "Yaya Wanfu ya huce?"

Na ce mata zan je in dubo.

A bakin ƙofa Jing ta ce min, "Goggo, likita ya ce da wuya ta wuce hunturun bana. Ni ban san yadda kuke wanka ba, ban san yadda kuke binnewa ba, ban san kowa naku ba sai mahauci. In ba ku zo ba zan yi iya abin da na sani. Amma ta sha gaya min kusa da innarta take so." Ba ta faɗa da mugunta ba. Ta faɗa tana kuka, da hular aiki a hannu.

To ga abin da ya kawo ni gabanku. Ban zo in ce abin da yayata ta yi daidai ne ba. Hukunci na malamai ne, ga Ahong Mian nan zaune, hisabi kuwa na Allah ne. Ni dai na zo da shaidar abin da idona ya gani, kuma gani ya kori ji. Ban zo neman kuɗi ba, ban zo neman ɗaki ba, gadona ma ya ishe mu mu biyu kamar yadda ya ishe mu muna yara. Malama Hei ta riga ta ce min in lokaci ya yi ita da kanta za ta yi mata wanka, Allah ya saka mata da Aljanna. Abu ɗaya ya rage: akwai fili kusa da kabarin innarmu, kuma ƙa'idar kwamiti ta ce ba a ba da wuri a ɓangaren kowane gida sai babba a gidan ya sa hannu.

Yaya Wanfu, ga ka can a sahu na biyu. Sau uku na zo gidanka, sau uku ka ce min, "Baba ya yanke magana." Ban so in kawo ta bainar jama'a ba, amma hunturu ba ya jiran mai fushi. Baba ya yanke magana, haka ne, ya kuma koma ga Wanda ya fi shi sanin zukata. Kai ne ka goya ta ka ƙetare da ita magudanar ruwa ranar da ta fara zuwa makaranta. Kai ne ka yi dambe da 'yan layin baya saboda sun ja mata kitso. Hannu ba ya ruɓewa a yanke a yar, balle hannun da shekara talatin da tara yana wanke tukunyarsa daban. Ta manta mijinta, ta manta gidanta, ta manta shekarun da ta yi a can, amma ba ta manta tana jin tsoron fushinka ba. Shekarunka saba'in da uku, Yaya. Wa kake ajiye wa wannan fushi?

Jama'a, zumunta a ƙafa take, ni kuwa tawa ta riga ta saba da hanya. Ranar Laraba zan koma. Jing ta ɗauki hutu, ta kama wa uwarta gadon ƙasa a jirgi, mu uku za mu sauka a tashar nan ranar Litinin ta sama da azahar, in Allah ya yarda. Ko an sa hannu ko ba a sa ba zan kawo ta, wannan babu shawara a ciki. Takardar neman filin kuwa na bar ta a kan teburin shugaba, da alƙalami a kanta. Duk wanda ya san Sufiye tana yarinya, ya zo tasha ya kira ta da sunanta, domin shi kaɗai take amsawa.

Allah ya jiƙan iyayenmu, ya haskaka kaburburansu. Allah ya tsare 'ya'yanmu da ke warwatse a biranen bakin teku suna neman halal, ya haɗa kowane baƙo da wanda zai jawo kujera ya tambaye shi wa ya rasa. Allah ya sassauta zukatan da suka ƙeƙashe, har da tawa, da na yi shekara talatin da tara ina aika ƙunshi ban aika ƙafata ba. Allah ya ba yayata kwanakin da za su kawo ta gida. Allah ya albarkaci wannan masallaci da wannan taro, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.