Tsagar Kunnen Saniya

Ranar kasuwar Karu, a bakin rumfar mai hoto, wani Bafillace yana ta jujjuya hoto a hannunsa.

"Mai hoto, ina kunnen? Tsagar kunnen saniyar na ce ka ɗauka."

"Ga shi nan, Malam. Wannan dishi-dishin."

"Ni ƙuda kawai nake gani, har gashin ƙafarsa."

"Ai shi ne ya tsaya cak. In ka matso da kyamara dab da abu, wurin da yake fitowa tangaran bai fi ƙwayar gero ba. Ita kuwa ta kaɗa kunne."

"Tsaya. In ka matso kusa sai gani ya ragu?"

"Haka injin yake."

"To ka ja da baya mana."

"In na ja da baya tsagar za ta ƙanƙance, alƙali ba zai gan ta ba."

"Kusa babu, nesa babu! Jibi ne fa zaman shari'a. Kawuna ya ce saniyar tasa ce, alhali Baba ne ya tsaga kunnen da hannunsa. Ƙuda zan kai shaida?"

"Mu koma mu sake. Ka kira sunanta ta tsaya, ko na numfashi ɗaya ne. Ai ku shanunku suna jin kiranku."

Bafillacen ya sunkuyar da kai.

"Jiya ma na kira. Sau uku."

"To?"

"Shekara tara ina gadi a Kaduna. Muryar marigayi Baba ta sani." Ya soke hoton a aljihu. "Sai kuma ta Kawu."