Barkono Mai Sifili Shida da Filin Bayan Tudu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro, shugaban ƙungiyarmu ta manoman barkono da mataimakinsa, malamin gona da ya baro ofis ya zo ya zauna da mu a kan benci, iyayenmu mata masu shanya da masu niƙa, dillalan da ke tsaye can baya kusa da ƙofa, wakilin kamfanin iri da ya yi doguwar tafiya domin wannan zama, 'yan'uwana manoma manya da ƙanana, ina gaishe ku ɗaya bayan ɗaya.

Ina godiya da aka ba ni dama in yi magana kafin a ɗaga hannu. Ga wanda bai san ni ba, ni ne mai ajiyar iri na wannan ƙungiya, shekara goma sha tara ke nan. A gonata ake renon tsohon irinmu da muke kira ɗan gida, daga hannuna kuma kowa yake karɓa idan lokacin shuka ya yi. Abin da ya tara mu yau abu ɗaya ne: filin nan na bayan tudu da ƙungiya ta samu bana, shin a ba sabon irin kamfani a yawaita shi a can, ko a ba ɗan gida. Ni roƙona a ba ɗan gida. Zan faɗi dalilaina, har da waɗanda suke ba ni kunya.

Na farko, maganar lamba. Kun ga ledar sabon irin da aka rarraba mana ɗazu. An zana wuta a jiki, an zana ƙoƙon kan mutum, an rubuta lamba mai sifili shida, an ce a duniya babu barkonon da ya kai shi zafi. To, shekara biyu da suka wuce an kawo mana wata leda, ita ma da wuta a jiki, ita ma an ce babu kamarta a duniya. Bara an kawo ta biyu, aka ce ta farkon wasa ce. Yau ga ta uku. Ni dai ban san duniya ta cika sauri haka ba. Na je na sami malamin gona na ce, "Malam, wannan lambar daga ina take fitowa?" Ya ce mini ana busar da barkono ne a auna a ɗakin gwaji, amma abin tambaya shi ne, guda nawa aka auna, daga gona nawa, kuma lambar da aka buga ta matsakaici ce ko ta guda ɗaya tilo da ya fi sauran. Na rubuta wa kamfani waɗannan tambayoyi sau biyu. Amsar da na samu kalanda ce mai hoton barkono, tana nan rataye a ɗakin ajiya. Ku kuma manoma ne, ba sai an gaya muku ba: tushe ɗaya, reshen da ya sha rana daban, na inuwa daban; shekarar da ruwa ya yi ƙaranci barkono ya yi faɗa, shekarar da ya wadata ya yi laushi. Abin da yake canzawa tsakanin kunya da kunya, ban ga yadda za a ɗaure shi da lamba ɗaya a bayan leda ba.

Na biyu, maganar ɗanɗano, kuma a nan ne nawa laifin ya fara. Da yawanku kuna cikin ɗakin nan ranar da wakilin farko ya zo, ba wannan bawan Allah da ke zaune ba, wani ne daban. Ya jera faranti huɗu a kan wannan teburin. Na farko ɗan gida, sai wasu iri biyu na kasuwa, nasa a ƙarshe. Aka ce mai ajiyar iri ya fito ya ɗanɗana. Na fito da taƙama. Na ciji na farko, na ciji na biyu, na ciji na uku, kafin in kai na huɗu hawaye ya riga ya sauko, hanci yana zuba. Ina cizon nasa na ji kamar an sa mini garwashi a harshe. Na juyo na ce muku, a gaban kowa, tun da nake ban taɓa jin irinsa ba. Da bakina na faɗa, kuma da maganata kuka dogara kuka saya.

Bayan wata shida, da sabon irin ya nuna a gonata, na kai wa yayata. Kun san ta, ga ta can a layi na biyu tana hararata, shekara talatin tana niƙa barkono. Na ba ta labarin faranti huɗu, ina ta kurari. Washegari ta kira ni, ta yayyanka barkono ƙanana yadda ba za a gane siffarsa ba, ta jera a murfin kwano huɗu, ta ce, "Auta, zo ka nuna mini gwanin naka." Na bi su ɗaya bayan ɗaya, ina zuwa na ƙarshe na daka tsalle na ce wallahi wannan ne. Ta ce, "Ka tabbata?" Na ce ko a gaban alƙali. Ta ce, "To wannan ɗan gida ne, na babanmu. Gwanin naka shi ka fara ci, har kana gyaɗa kai kana cewa ba laifi. Kai da furfura a ka ba ka san zafi taruwa yake yi a baki ba? Ko ruwan ɗumi na ba ka a na huɗu, ihu za ka yi." Ku yi dariyarku, ni ma na daɗe ina yi wa kaina.

Kada a fahimce ni a karkace. Ban ce sabon iri ba shi da zafi ba. Yana da shi, wani ma har ya fi ƙarfin tukunya. Amma a kwando ɗaya sai ka sami mai ƙona baki, ka sami wanda bai fi tattasai ba, kuma duk cikinsu babu mai ƙamshi. Masu niƙa suna nan, a tambaye su. Matar da ta zo sayen garin barkono abinci za ta dafa wa iyalinta, so take cokalin da ta zuba jiya ya zama shi ne cokalin yau. Ba gasa ta zo shiga ba.

Na uku shi ne mai nauyi, kuma ina roƙon ku saurare ni da kyau. A waccan shekarar, don ɗoki, na dasa sabon irin a gonata, kunya biyar kacal tsakaninsa da inda nake renon ɗan gida. Na san ƙudan zuma suna ɗaukar garin fure daga wannan su kai wa wancan. Mahaifinmu ya koya mana wannan tun ba mu kai tsayin fartanya ba. Ko tattasai ba ya yarda a dasa kusa da gonar iri. Na sani, na yi. Na ce a raina shekara ɗaya ce. 'Ya'yan suka fito lafiya, siffarsu ba ta canza ba, na cire iri na shanya na raba muku kamar kullum. Sai bara abin ya bayyana. Kowa ya ga abin da ya fito a gonarsa: wani dogo, wani dunƙulalle, wani mai ƙuraje a jiki, ba ɗan gida ba, ba na kamfani ba. Wasunku sun zargi taki, wasu sun zargi ruwa. Ba taki ba ne, ba ruwa ba ne, ni ne. Ina neman afuwarku, kuma abin yana ci mini rai har yau.

Da na gane, na bi gida-gida ina tambaya ko akwai wanda ya rage tsohon iri. Babu. Kowa ya dogara da ni, kowa ya shuka nasa tas. Abin da ya saura kwalba ɗaya ce a ɗakin ajiya, daga girbin shekara uku da suka wuce, kafin baƙon irin ya shigo. Irin barkono kuwa ba ya jiran mutum, kowace shekara ƙarfinsa raguwa yake. Mako biyu da suka wuce na ƙirga ƙwaya ɗari na nannaɗe a jiƙaƙƙen tsumma, na jira kwana goma sha biyu. Talatin da ɗaya suka tsiro. Baɗi ba na jin goma za su tashi.

Gonakinmu na nan kusa duk an dasa sabon iri ko gaurayensa, babu inda zan kai wannan kwalba ƙudan zuma ba su same ta ba. Filin bayan tudu ne kaɗai ya yi nisa da kowane barkono. Shi ya sa na tsaya a gabanku.

Wakilin kamfani, ba faɗa nake yi da kai ba, aikinka kake yi. Wanda yake son irinka ya saya ya dasa a gonarsa, ba wanda zai hana. Idan kana so mu ba shi fili, kawo mana takardar gwajin, da yawan abin da aka auna, sannan mu dasa kunya biyu mu gani shekara biyu, a yi ɗanɗano faranti a rufe, yau naka a farko, gobe a ƙarshe. Idan ya ci, ni zan fara faɗa. Irinku yana cikin sito, baɗi ma akwai shi, baɗin baɗaɗa ma za a kawo wanda aka ce ya fi shi. Namu idan bana ta wuce, babu kamfanin da za mu rubuta wa.

Shugaba, jama'a, ban ce ku sake yarda da harshena ba, kun ga inda ya kai mu. Damina ɗaya nake roƙo, a filin da ƙudan zuma ba za su kai masa baƙo ba. Idan kuma kun ga hannuna bai cancanci riƙe kwalbar ba, ku zaɓi wani, zan miƙa masa makulli yau ɗin nan ba tare da ɓacin rai ba. Ni ku cire ni, amma a shuka ta.

Allah Ya ba mu damina mai albarka. Allah Ya tsare mana shukarmu daga ƙwari da cuta, Ya tsare mu daga gaggawa. Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka bar mana abin shukawa, Ya sa mu ma mu bar wa na baya. Allah Ya mai da baƙonmu gida lafiya, Ya mai da kowa ga iyalinsa lafiya.

Na gode.