Katan Guda Kullum

A bencin jiran mota, wata ma'aikaciyar siton sabulu ta kasa ɓoye murnarta, ta nuna wa mutumin gefenta waya.

"Malam, da hannuna na harhaɗa manhajar nan, ban karanci kwamfuta ba! Tana hango ranar da kayan kowane shago za su ƙare. Mace ɗaya ce ta gagare ta. Kullum sai ta yi odar katan guda, ga kaya jibge a shagonta. Gobe zan mayar da ita mako-mako."

"Mai koren ƙofa?"

"Ka san ta?"

"Ni nake kai mata." Ya rufe fuska da hula yana dariya. "Na zaci ciniki ne ya buɗe, ashe ni take son gani kullum. Baiwar Allah, don Allah ki bar odar nan yadda take."