Sun Laƙaba wa 'Yata Suna Kasa

Assalamu alaikum, mai gabatarwa, barka da aiki. Ni uwa ce daga Sandamu.

'Yata Hafsatu minshari take yi da dare kamar babban mutum, numfashinta ya ɗauke, ta zabura ta farka. Da rana sai gyangyaɗi a aji, har yara suka laƙaba mata Kasa, macijiyar nan mai barci. Ta sha rubutu, wanzami ya cire mata beli, ba sauƙi. Likita a Daura ya ce sai an yi mata aiki a maƙogwaro, mahaifinta ya ce ba mai sake sa mata wuƙa.

Jiya na kira Hafsatu, ba ta waiwayo ba. Ƙanenta ya ce Kasa, ta amsa.

Dabara ta ƙare mini. Jama'a, ta yaya zan shawo kan mahaifinta?